Tsakanin ƙofar gida da gadon asibiti: inda taimakon yaran karkara ke tsinkewa

Daga ƙarshen watan Yuni zuwa Oktoba ɗakunan kwantar da yara ke cika maƙil a asibitocin Katsina, Zamfara, Sakkwato, Kebbi, Jigawa da Bauchi, haka nan a Maraɗi da Damagaram can tsallaken iyaka. Dalilin kowa ya san shi. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba. Sauro ya sami ruwa. Ruwan sama ya wanko ƙazantar bayan gari ya zuba a rijiya da tafki. Hanyar da mota ke bi da rani ta koma taɓo. A wannan tsakanin ne za ka tarar da yara biyu, wani sa'in uku, a gado ɗaya.

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda gidajen rediyo ke kira Na-gari Na-kowa, ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar, ta kuma danganta abin da rashin isowa wurin magani a kan lokaci. Cibiyoyi ne masu magani da madara da ma'aikata, kuma ba a karɓar ko sisi. Duk mai niyyar taimako, ko gidauniya ce, ko attajiri mai fitar da zakka, ko matasa masu tara kuɗi a Facebook, ya kamata ya tsaya a kan wannan adadi. Magani yana nan, yara suna mutuwa a gabansa. Ashe ba a wurin sayen magani kaɗai gizo ke saƙar ba.

Yaron da ake kawowa rai a hannun Allah da wuya ya zo da cuta guda. Tamowa ce a ƙasa, ta cinye ƙarfin jiki, sai zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko nimoniya ko ƙyanda ta hau kai. Kowace tana buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa: ƙyanda ta hana yaro ci, ya rame, ramar ta sa gudawar da wani yaro zai warke daga gare ta cikin kwana uku ta kwantar da shi mako biyu. Don haka taimakon da aka ɗaura wa sunan cuta ɗaya yakan tarar da rabin matsalar kawai.

Kwanakin da ake ɓatawa a gida

Akwai alamomi huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk yaron ƙasa da shekara biyar da aka ga ɗayansu a jikinsa, asibiti ne kai tsaye: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko jikinsa ya saki ba ya gane mutane. A ƙara da saurin numfashi. Ana ƙirga shi na minti ɗaya cur, yaro yana kwance ba ya kuka: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. In ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, abin ya wuce na kemis.

Tamowa kuwa da ɗan tsiri na leda ake gane ta, mai launi uku, a zagaya shi a tsakiyar damtsen hagu na yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa. Daga nan sama kore. Sai a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da awon damtse ya nuna kore. Wannan kumburi shi ya fi yaudarar iyaye, domin fuska ta cika, ƙafa ta cika, sai a ce yaro ya fara ƙiba. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyar likitocin agaji ta ALIMA da takwararta ta gida BEFEN sun gwada damƙa tsirin a hannun iyaye mata maimakon a jira ma'aikacin lafiya, aka ga suna awon daidai, kuma yara suna zuwa tun ciwo bai ci jiki ba. Tsirin ba ya da wani kuɗi na a zo a gani. Abin da ke cin kuɗi shi ne mai koyarwa, da komawa bayan 'yan watanni a sake tunatarwa.

Amma gane ciwo daban, fita daga gida daban. Uwa ta ga alama tun ranar Litinin, maigida yana ci-rani a Legas ko Fatakwal, waya ba ta shiga. Uwar miji ta ce haƙori ne, ko kuma nonon uwar ne ya ɓaci saboda ta sami ciki tana goyo, a cire shi daga nono yau-yau. A kai wa wanzami ya cire beli. In jijjiga ce, a ce iska ce, a yi hayaƙi da tofi. Ranar Laraba a je kemis a sayo rabin ƙa'idar maganin zazzaɓi, domin iyakar kuɗin ke nan. Sai ranar Juma'a, da idanu suka kakkafe, a fara neman mai babur. Babu wanda ya ƙi yaron a cikinsu. Kowa ya bi abin da ya fi kusa, ya fi araha, kuma ba ya bukatar izinin wanda ba ya nan. Shirin wayar da kai da ya tara mata zalla a ƙofar gidan mai unguwa ya bar masu yanke hukunci a waje. Inda abin ya yi aiki, za ka ga an shigo da limamai da wanzamai da masu kemis, an kuma sa magidanta sun bar izini tun kafin su yi tafiya: in yaro ya yi kaza ko kaza, ki tafi, kada ki jira ni.

Hanya

Kuɗin mota ya fi kuɗin magani hana zuwa asibiti a wuraren da maganin kyauta ne. Uwa ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai mai rakiya, akwai kuɗin dawowa, akwai abin da za a ci. A yankunan Zurmi, Shinkafi, Jibiya da Batsari an ƙara da wani abu: ba a bin hanya da dare saboda 'yan bindiga, don haka yaron da ya fara jijjiga bayan Magariba sai ya kwana da ita. Wasu iyalan na bakin iyaka sun fi samun sauƙin tsallakawa Ɗan Isa ko Madarunfa a jihar Maraɗi da su nufi babban birnin jiharsu.

An daɗe da gwada wata dabara a Arewa domin mata masu naƙuda: direbobin ƙungiyar NURTW na sa-kai, waɗanda aka horar aka raba lambobin wayarsu a ƙauyuka, suna ɗaukar mace a kan kuɗin mai kawai, a saka musu da ba su layin lodi a tasha. Babu abin da ya hana a yi wa yara irin wannan. Asusun gaggawa na ƙauye, a hannun mutum biyu ko uku da aka yarda da su, wanda zai biya ɗan acaɓa nan take a yi lissafi daga baya, ya fi motar ɗaukar marasa lafiya da aka yi bikin miƙawa aka ajiye a sakatariya babu mai babu direba.

Kafin a hau hanya akwai abubuwa uku da ke sayen lokaci. Na farko sukari: ƙaramin cokali ɗaya mai tozo a cikin babban cokali uku da rabi na ruwa mai tsabta, a ba yaron da ke iya haɗiya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a yi masa ɗura ko kaɗan, domin abin huhu zai tafi. Sai dai a jiƙa ɗan sukari a sa masa a ƙarƙashin harshe. Na biyu ɗumi: a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula. Na uku, ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, maganin atesunet na matsawa ta dubura, mai miligiram 100: ƙwaya ɗaya ga ɗan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 3, biyu ga ɗan shekara 3 zuwa ƙasa da 6. Sai dai akwai tarko a nan. Maganin yakan sa yaro ya farfaɗo cikin 'yan sa'o'i, iyaye su ga sauƙi su fasa tafiya, ciwon ya dawo bayan kwana biyu ya fi na da. Wani babban bincike da aka yi a Adamawa da Kongo da Yuganda ya nuna cewa in ba a ƙarasa da yaro asibitin da zai yi masa cikakken magani ba, ba a ganin amfanin da aka sa rai. Cikakken maganin shi ne allurar atesunet sau uku a sa'o'i 24 na farko, miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, sannan ƙwayoyi na kwana uku in ya fara haɗiya. Wanda ya raba maganin matsawa bai tanadi abin hawa ba, rabin aiki ya yi.

Kwana biyun farko

A nan ne aka fi rasa yara, a nan ne kuma kyakkyawar niyya ta fi yin ɓarna. Jikin yaron da ya daɗe cikin yunwa yakan rage wa kansa aiki domin ya rayu. Zuciya ta ƙanƙance, ba ta iya tura ruwa mai yawa. Hanta ba ta da ajiyar sukari. Ƙoda ba ta iya fitar da gishiri. Hanji ya yi sirara. Garkuwar jiki ta yi sanyi har ta kai yaro yana ɗauke da ƙwayar cuta a jini amma babu zazzaɓi, sai ma jiki ya yi sanyi ƙalau. Duk abin da ake yi wa yaro mai ƙarfi, in aka yi wa wannan, garin neman gira sai a rasa ido.

Ɗauki ƙarin ruwa. A wurin mutanenmu, in ba a rataya leda ba kamar ba a yi magani ba, kuma ƙananan asibitocin kuɗi sun san haka. Yaro mai tamowa idanunsa a zurme suke dama, fatarsa in an ja ba ta komawa da sauri dama, saboda haka sai a ɗauka ruwan jikinsa ne ya ƙare. A sa masa leda ɗaya da gudu, zuciya ta kasa, ruwa ya taru a huhu, kafin Asuba ya cika. Ƙa'ida ita ce ba a sa masa ruwa ta jijiya sai in jini ya kasa zagayawa, wato hannu ya yi sanyi, bugun jijiya ya yi rauni da sauri, hankali ya gushe; ko a nan ma mililita 15 ne a kowane kilo cikin awa guda, ana tsaye a kansa. In gudawa ce kawai, ta baki ake ba shi wani ruwan gishiri da sukari na musamman mai suna ReSoMal, wanda gishirinsa bai kai na ORS da aka saba ba, fotasiyam ɗinsa kuma ya fi yawa: mililita 5 a kowane kilo duk rabin awa har awa biyu. Ana yi ana ƙirga numfashi da bugun zuciya. In numfashi ya ƙaru da 5 a minti, bugu ya ƙaru da 15, a dakata, ruwa ya fara yawa.

Abinci ma haka. Mai kawo gudummawa ya ga yaro ƙashi da rai, zuciyarsa ta karye, ya aiko da katan-katan na madarar gwangwani da ƙwai da maganin ƙarin jini. Dukansu ukun haɗari ne a makon farko. Abinci mai nauyi a jikin da ya saba da babu yana janye fotasiyam da fosfet daga jini farat ɗaya, zuciya ta rikice. Sinadarin ayon da ke cikin maganin ƙarin jini kuwa ƙwayoyin cuta yake ciyarwa a wannan mataki, shi ya sa ba a fara shi sai yaro ya soma ƙara nauyi. Abin da ake bayarwa madara ce mai suna F-75, mai kalori 75 a kowane mililita 100, wadda ba don ƙiba aka yi ta ba, don ta riƙe rai ne har jiki ya daidaita. Mililita 130 ne a kowane kilo a yini, ko 100 in kumburi ya yi yawa. Yaro mai kilo 7 ke nan zai sha mililita 910, a raba sau 12 duk awa biyu, kusan 75 a kowane sha, ko sau 8 duk awa uku in ya fara samun ƙarfi. Da kofi ake ba shi, ba da bulumboti ba. In ya kasa shanye kashi 80 cikin 100, a zura masa siririn tiyo ta hanci. Tare da haka kowane yaro yana samun maganin kashe ƙwayoyin cuta ko babu zazzaɓi.

Duk awa biyu yana nufin har da ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare. Ka shiga irin wannan ɗaki a wannan lokaci: iyaye mata sun gaji sun yi barci a kan tabarma, an ɗauke wuta, iska mai sanyi tana shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe, nas ɗaya tana zagaya gado talatin da fitilar waya. Ta tsaya a kan wani gado ta taɓa ƙafar yaro, ta tashi uwar: "Maman yaro, tashi ki rungume shi, jikinsa ya yi sanyi. Ya sha ta ƙarfe biyu?" Uwar ta ce, "Malama, barci yake, na ji tausayin tashinsa." Wannan barcin shi ne abin tsoro. Sukarin jini in ya sauka ƙasa da 3 a ma'aunin gwajinsa, ko zafin hamata ya sauka ƙasa da digiri 35, yaro ba ya kuka, shiru yake yi ya tafi. Abin da ke tare wannan ba wata na'ura mai tsada ba ce: ma'aikaciya ta biyu a aikin dare, bargo da hula, gilashin taga, fitilar sola, ma'aunin zafi, 'yan tsinken gwada sukari. Babu wanda ke son a ɗauki hotonsa yana miƙa albashin nas ɗin dare, shi ya sa wannan gurbi ya fi kowane zama fanko.

Sai maganar jini. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, kuma a yankin da sikila ta yi yawa bukatar ba ta yankewa. In awon yawan jini da ake kira PCV ya sauka ƙasa da 12, ko yana tsakanin 12 da 18 amma numfashi yana wahala, sai an ƙara jini. Yaro mai ƙarfi mililita 20 a kowane kilo, mai tamowa 10 kacal, a hankali cikin awa uku. Mai kilo 7 ke nan mililita 70 yake bukata, alhali ledar babba ta kai 450. In babu ƙananan ledoji na rabawa, sauran ya tafi a banza. Kowace leda sai an gwada ta don ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, a ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 da 6, inda za ta iya kai kwana 35. Tsarin da aka saba, na "ku kawo wanda zai ba da jini", yana cin sa'o'i, domin matar da ta zo daga ƙauye da goyo ba ta da kowa a gari. Ƙungiyar matasa ko ta masallaci da za ta rubuta sunayen mutum hamsin da rukunin jininsu, su riƙa bayarwa duk wata uku musamman daga Agusta zuwa Oktoba, ta yi abin da miliyoyin naira ba sa yi a daren da ake bukata.

Sai iskar oksijin. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa shi ke nuna wanda ke bukata: in oksijin ɗin jini ya yi ƙasa da kashi 90 cikin 100, a sa masa. Na'urar da ke tace oksijin daga iska tana ba da kusan lita 5 a minti, ƙaramin yaro kuwa rabin lita zuwa lita 2 ya ishe shi, don haka da abin rarrabawa na'ura ɗaya za ta ɗauki yara da dama. Matsalarta wuta da ƙura. Ba ta aiki sai da lantarki dare da rana, matatarta kuma tana toshewa da ƙurar hunturu in ba a wanke ta duk mako. Ɗakunan ajiyar asibitoci cike suke da irinta da aka kawo kyauta babu batir, babu kayan gyara, babu wanda aka koya wa buɗe ta. Akwai kuma tsoro: iyaye da yawa sun ɗauka tiyon hanci da oksijin su ke kashe yaro, domin sun ga waɗanda aka sa wa sun mutu. Wata uwar cikin dare za ta zare tiyon ta saɓa ɗanta ta gudu. Mai zama ya yi mata bayani da harshenta, ya nuna mata yaron gadon kusa da aka cire wa tiyo jiya yana wasa, yana cikin kayan aiki kamar yadda allura take.

Uwar kanta tana bukatar abinci sau uku, sabulu, gidan sauro, da kuɗin komawa. Jinyar takan ɗauki kusan mako guda, a tsakiyar aikin gona, ga wasu yara an baro a gida. Yawancin waɗanda ke tafiya kafin sallama yunwa ce da tunanin gida ke korarsu.

Ledar gyaɗa

Tara cikin goma na yara masu tamowa mai tsanani ba sa bukatar gado in an same su da wuri. Wannan ya yiwu ne saboda ledar abincin tamowa, haɗin gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 da sunan Plumpy'Nut. A yunwar 2005 a Nijar MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani, akasarinsu a Maraɗi kuma a gidajensu. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin, Najeriya ta fara shi a 2009 a Gombe da Kebbi. Yanzu ana sarrafa ledar a Yamai da Kano da Legas.

Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500, ba a dafawa, ba a gauraya ta da ruwa, tana shekara biyu ba firji. Ba a ba jaririn da bai kai wata shida ba. Wanda zai je gida da wanda za a kwantar, gwajin ci ne ke rabawa: a zaunar da uwa a gefe, ta wanke hannu, ta ba shi leda da kofin ruwa, a jira har rabin awa. In ya ci da kansa, babu kumburi mai yawa, babu wata alamar haɗari, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin da ledojin mako guda ya tafi. Mai kilo 7 yana cin biyu da rabi zuwa uku a yini. Katan ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke bukata na mako shida zuwa takwas, kuɗinsa dala 40 zuwa 50 kafin dako. Ana sallama in damtse ya kai 12.5 kuma kumburi ya yi mako biyu da ɓacewa.

Inda ake samun yoyo sananne ne. Gidan da yara biyar suka kwana da yunwa, uwa ba za ta iya ba ɗaya tana korar huɗu ba, sai ledar mako ta ƙare a kwana uku. Wata ta sayar da biyar ta auno masara. Wasu katan-katan tun daga sito suke bin hanyar kasuwa. Ana rage wannan da karɓar fankon ledoji kafin a ba da sababbi, da shafa tawada a yatsan yaro don kada a yi rajista sau biyu, amma abin da ya fi tasiri shi ne a haɗa wa gidan da ɗan hatsi ko kuɗi. Garin kunun nan da ake kira Tom Brown, mudu 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, yana da kyau ga 'yan'uwan da ga masu awon ruwan ɗorawa. Ba ya maye gurbin leda ga mai awon ja.

Yankewar kaya ta fi sata illa. Uwar da ta yi tafiyar awa uku a ƙasa aka ce mata babu, ba za ta dawo mako mai zuwa ba, kuma za ta gaya wa maƙwabta. UNICEF ce ke sayen mafi yawan ledar da ake yi a duniya, da kuɗin ƙasashe masu ba da agaji, don haka da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025 girgizar ta iso har cibiyoyin ƙauye. Akwai asusun da UNICEF ta kafa wanda ke ninka duk abin da jiha ta zuba don sayen ledar, naira a kan naira. Matsa wa gwamnatin jiha ta saki nata kason kafin watan Mayu aiki ne da 'yan jarida da malamai da sarakuna za su iya, kuma ya fi duk abin da za a tara a gidauniya yawa.

Lokacin bayarwa da lokacin bukata

Hannun mutanenmu ya fi buɗewa da azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa cikin rani. Zakkar hatsi kuma da kaka ake fitar da ita, lokacin da ko talaka yana da ɗan abin da zai ci. Ɗakin yara kuwa a Agusta da Satumba yake ambaliya. Faƙirai da miskinai su ne farkon waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, kuma samun iyalin da ya fi na yaro mai awon ja cancanta sai an tona. Kwamitocin zakka na gundumomi za su iya neman fatawar malamansu a kan yadda za a tsara rabo ya riski damina, sadaka da waƙafi kuwa dama babu abin da ya ɗaure su da wata. Waƙafi ya fi dacewa da abin da ba ya ƙarewa: batiran sola, man janareta, albashin dare.

Neman taimako a Facebook don yaro ɗaya mai hujin zuciya ko ruwa a kai ya ceci rayuka, ba abin rainawa ba ne. Amma yana da ƙa'idojinsa. A tabbatar da takardar likita daga asibitin kansa, a biya kuɗin cikin asusun asibitin, a faɗi tun farko inda ragowar za ta tafi in an tara fiye da bukata ko yaron ya riga mu gidan gaskiya, a rufa wa yaro asiri a hoto. Masu tarawa su kuma sani cewa yaron da ya kai ga wayarsu ya riga ya tsallake shingen da dubbai suka maƙale a bayansa.

Sallama ma ba ƙarshe ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya bi yara a asibitoci na ƙasashe shida na Afirka da kudancin Asiya, ya gano kusan rabin mace-macen sun faru ne bayan an koma gida, cikin wata shida. Yaro ya koma rijiyar da ta ba shi gudawa, da ɗakin da babu gidan sauro. Abin da ake bukata a nan ɗan sa-kai ne a ƙauyen mai rajista da tsirin awo, wanda zai leƙa gidan a makon farko, ya tabbatar an yi allurar ƙyanda, yaron yana karɓar maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata da damina ga 'yan wata 3 zuwa 59, ya kuma bi sawun duk wanda ya tsallake ranar awo sau biyu. Alawus ɗinsa da katin wayarsa su ne layin da aka fara gogewa duk sanda kasafi ya matse.